Bare da Ɓare

Da ƙarfe takwas saura kwata, a bakin wata masana'antar robobi da ke Sharaɗa, layi biyu ake yi. Ɗaya na leburori, ɗaya na mutanen ofis. Na farkon ya fi tsawo, na biyun ya fi guga da turare, amma wuri guda suke ƙarewa: gaban wata 'yar na'ura da aka manna a bango kusa da ɗakin maigadi. Kowa ya zo sai ya ɗora babban yatsansa a kanta, ta yi ƙara, ta kunna koriyar fitila, sannan ya wuce. Ran da yatsan ya yi gumi, ko hunturu ya tsattsage shi, sai ta ƙi. Na taɓa ganin wani dattijon akanta yana goge yatsansa a jikin riga har sau huɗu, yana lallaɓa na'urar kamar mai neman alfarma. Da ta karɓa, ya juyo da murmushin da bai kai zuci ba, ya ce da ni, "Malam, ka ga ikon Allah. Mahaifina dangwale yake yi, don bai iya sa hannu ba. Ya sayar da gona ya sa ni makaranta don kada in yi dangwale. Ga shi yau da digirina, dangwale nake yi."

Tun daga ranar maganar nan take yi min yawo a ka. Abin da ya fi damuna shi ne na rasa sunan da zan kira abin da na gani a fuskarsa. Ba gajiya ba ce, domin ko kujerarsa bai kai ba tukuna. Ba talauci ba ne, albashinsa na shiga a kan kari, ya aurar da 'ya'ya, ya sauke farali. Wulaƙanci ma ba zan ce ba, tunda babu wanda ya ɗaga masa murya. Abin ya fi kama da yadda mutum kan ji idan ya koma gidan da aka haife shi ya tarar an sayar, sababbin masu gida suka yi masa shimfiɗa a zaure, suka kawo masa ruwa. An karrama shi, amma ya san iyakarsa zauren.

Turawa sun daɗe da raɗa wa wannan abu suna. A 1844, Karl Marx yana ɗan shekara 26 a birnin Paris ya cika takardu da bayanin yadda ma'aikacin masana'anta ke rabuwa da abin da hannunsa ya ƙera, da aikin kansa, da 'yan'uwansa ma'aikata, har da mutuntakarsa. Kalmar Jamusancin da ya ɗauka, saiwarta "baƙo" ce. Takwararta ta Ingilishi daga Latin ta fito, daga kalmar da ke nufin "na wani", shi ya sa lauyoyinsu ke amfani da ita idan mutum ya mallaka wa wani kadararsa. Larabawa kuma suka ce igtirabi, wato zaman mutum a ƙasar da ba tasa ba.

Mu fa? Masu fassara sukan lalubo keɓewa, ko wariya, ko kaɗaici, ko baƙunta. Duk na gwada su a jikin dattijon nan, babu wadda ta yi masa daidai. Keɓewa mutum kan zaɓe ta da kansa, kamar mai shiga halwa. Wariya wani ne ke yi maka da gangan. Kaɗaici rashin mutane ne, ofishinsa kuwa cike yake da jama'a. Baƙunta ma tana da daraja a wurinmu: baƙonka annabinka, kuma baƙo raɓa ne, hantsi na yi ya tafi. Kalmar da na ga ta zauna masa ita ce bare. Baƙo daga nesa yake zuwa. Bare kuwa yana iya shekara talatin yana maƙwabtaka da ku, ku ci tare, ku yi jana'iza tare, amma ranar rabon gado sai a rage murya a ce akwai bare. Yana ji, yana gani, ba shi da ta cewa. Abin da ya sami dattijon shi ne ya zama bare a cikin aikinsa.

Kafin a gane yadda hakan ke faruwa, sai an tsaya a kan ita kanta kalmar aiki. Hausa ba ta yi rowar kalmomi a fagen neman abinci ba: akwai aiki, akwai sana'a, akwai ƙwadago, akwai aikatau. Amma duba dangin aiki da kyau. Aikata, aika, aike, ma'aiki. Ciki ɗaya suka fito. A kunnen Bahaushe, mai aiki ɗan'uwan ɗan aike ne, mutumin da wani ya tashe shi da saƙon da ba nasa ba. Ɗan aike ba ya ƙari, ba ya ragi, ba a tambayarsa ra'ayinsa a kan saƙon. Har ma a rubuce, "ma'aikata" mutanen da "ma'aikata" ginin ba su da bambanci, sai karin murya ke raba su. Wanda ya karanta a takarda, sai ya duba abin da ke gaba da baya kafin ya san ko 'yan Adam ake nufi ko bulo da siminti.

Sana'a daban take. Daga Larabci muka aro ta, daga tushen da ke nufin ƙera abu, amma ta zama 'yar gida. Sana'a suna take ba mutum: maƙeri, majemi, marini, masaƙi, baduku. Takan ba unguwa suna, kamar Dukawa da Soron Ɗinki a cikin birnin Kano. Takan ba da sarauta, Sarkin Maƙera, Sarkin Fawa, Sarkin Aska. Ana gadonta, ana yi mata kirari, ana kunyar ɓata ta. Marinin Ƙofar Mata yakan duba kumfar da ke kan karofi ya san ko baba ya nuna, kuma idan ya ga rigar da ya rina a jikin wani a filin Idi, zai gane ta. Da Heinrich Barth ya zo Kano a 1851, shekara 7 kacal bayan Marx ya yi wancan rubutu, abin da ya burge shi ke nan: tufafin Kano na kaiwa har Timbuktu da bakin tekun Bahar Rum, amma a cikin gidaje ake saƙa su, iyali da iyali, ba a irin manyan masana'antun Turai masu ƙasƙantar da mutum ba. Ba na cewa zamanin aljanna ne. Akwai bayi a gandaye, kuma Barth ya gan su. Sai dai mai sana'a na lokacin ya san farkon abin da yake yi, ya san ƙarshensa.

Da manyan gine-gine masu hayaƙi suka zo, sai muka sa musu suna masana'anta, wato wurin sana'a. Suna ne na kyakkyawan zato. A 1911 layin dogo ya iso Kano, kuma a wannan shekarar ce wani injiniyan Amurka, Frederick Taylor, ya fitar da littafinsa a kan tsara aiki, wanda ginshiƙinsa shi ne a tsaya a kan ma'aikaci da agogo, a auna kowane motsinsa, a kwashe sanin aikin daga kansa a mayar ofis, sannan a dawo masa da shi a matsayin umarni. Babu wanda ya karanta Taylor a Fagge a lokacin, amma kayan aikinsa sun biyo hanyar kudu sun zo. Masana harshe sun ce "agogo" da "akawu" duka daga Yarabanci muka same su. Mai auna lokaci da mai rubuta lissafi, kusan tare suka shigo bakinmu.

A unguwannin masana'antun Kano, Bompai ce babbar yaya, tun ƙarshen zamanin Turawa. Sharaɗa da Challawa suka biyo baya, suka bunƙasa da kuɗin man fetur. Ana matse man gyaɗa, ana yin alawa da sabulu da turare da kwanuka da takalman roba, ana saƙa, ana jima. Paul Lubeck, wani masanin zamantakewa daga Amurka, ya zauna da leburorin masana'antun Kano a farkon shekarun 1970, ya kuma fitar da littafi a kansu a 1986. Cikin abin da ya nuna akwai cewa da yawansu almajirai ne da gardawa da suka ajiye allo suka kama inji. Dattawan da suka yi wannan zamani har yau suna ba da labarin ja-in-jar da aka yi kafin jiniyar kamfani ta koyi girmama lokacin azahar. A wancan lokaci, idan ana maganar zama bare a wurin aiki, lebura ake nufi. Na cikin ofis kuwa malam ne. Tun kafin Peter Drucker ya fara maganar ma'aikatan ilimi a 1959, Hausa ta riga ta ba su suna: malamin kuɗi, malamin gona, malamin asibiti, malamin sikeli, malamin sito. Malam shi ne wanda ya sani. Littafin lissafi a hannunsa yake, da rubutunsa, kuma mai kamfani kansa sai ya kira shi kafin ya san abin da ya mallaka.

Sai ga na'ura ta shigo ofis. Ita ma kalmar tana da tarihi. A Larabci, na'ura ita ce babbar ƙafar katako mai juyawa tana ɗebo ruwa daga kogi, irin waɗanda har yanzu suke tsaye a Hama ta ƙasar Siriya, kuma daga kukan da take yi in tana juyi sunan ya samo asali. Abu ne mai ɗauke wa jiki wahala, kamar jigo a fadama. Amma da kwamfuta ta zo, sai muka ce na'ura mai ƙwaƙwalwa. Wanda ya fara faɗin haka ya yi fasaha, sai dai ban sani ba ko ya lura da tambayar da sunan ya zo da ita. Injin saƙa ya karɓi aikin hannun masaƙi, ya bar masa kansa. Idan na'ura ce mai ƙwaƙwalwa a ofis, shi wanda ke zaune a gabanta mai mene ne?

A nan ne wata kalma ta faɗo min, wadda lanƙwasa guda ce ta raba ta da bare. Ɓare. Duk Bakano ya san ɓarar gyaɗa: a matsa kwanso, ƙwaya ta fita, a tara ta a buhu, a jera buhuna su zama dala, jirgi ya kwashe zuwa Ikko. Ɓawon kuma a bar shi a nan. Ina ganin mutum ba ya zama bare a aikinsa sai an ɓare shi, an fitar da abin da ya sani an zuba a wani buhu.

Kawuna mai zaɓen fata ne a wata majemar zamani a Challawa har ya tsufa. Gidan jima ya tashi, cikin warin bagaruwa. Fata na zuwa hannunsa, zai ja ta, ya murza, ya ɗaga ta ga haske, ya jefa ta tsibin da ya dace, duk a cikin numfashi guda. Yakan ce jar akuyar Sakkwato da Maraɗi, wadda Turawa suka daɗe suna sayen fatarta da sunan Maroko, ko cikin duhu zai gane ta. Bai iya boko ba, amma idan ya ce fata ba ta yi ba, Bature mai kamfani ba ya musu. Ɗansa ya karanta ilimin sinadarai a jami'a, ya sami aiki a ofishin kula da inganci na wata majemar. Yana da fanka mai sanyi da kujera mai juyawa. Injin awo na auna faɗin kowace fata, ɗakin gwaji na turo masa adadin sinadarin kurom da ke cikinta, mai saye a Italiya na turo sharuɗɗansa ta imel, shi kuma yana cike gurabe. Wata rana ina zaune, Kawu ya tambaye shi, "Kai yaro, fatun bana yaya suke?" Ya ce, "Baba, kashi kaza cikin ɗari sun tsallake." Kawu ya ce, "Ban tambaye ka lissafi ba. Na ce yaya suke?" Yaron ya yi shiru. Sai daga baya ya faɗa min cewa ya yi wata huɗu bai taɓa fata da hannunsa ba, kuma bai taɓa ganin takalmi ko jaka ɗaya da aka ɗinka da fatar da ya sa wa hannu ba.

Ba Challawa kaɗai ba ce. Shoshana Zuboff ta ba da irin wannan labari a littafinta na 1988, game da ma'aikatan kamfanonin takarda a Amurka, waɗanda da suke sanin niƙaƙƙen itace ya dahu ta hanyar taɓawa da sansanawa, aka mayar da su ɗaki mai gilashi suna kallon lambobi. Amma a Kano abin yana da wani ɗaci nasa, saboda sunan da muke kiran fuskar kwamfuta: allo. Kakannin waɗannan samari sun ajiye allo sun kama inji, jikoki sun bar inji sun koma allo. Sai dai allunan biyu hannun riga suke. Almajiri yakan rubuta a allo, ya maimaita har abin ya shiga kansa, sannan ya wanke allon. Allo ya koma fari, karatu ya zauna a ƙirji. A ofis kuwa abin da ke kan mutum ne ke shiga allo ya zauna. Malamin sito da ya san wane dillali ne ke biya a kan lokaci, wane direba ne ba a ba shi kaya da dare, wane wata ne kasuwar bokiti ke tashi, duk an ce ya shigar. Ya shigar. Yanzu ko gobe ya tafi, allo ya haddace. Shi ne aka wanke.

Kasa kunne ka ji yadda ake magana a irin waɗannan ofisoshi. Direban tirela ya kwana biyu a bakin ƙofa yana jiran takardar fita, ya zo ya rusuna ya ce, "Malam, don Allah a taimaka." Malam ya juya masa allo ya ce, "Wallahi ba daga ni ba ne, sistem ne bai yarda ba." Kuma gaskiya ya faɗa. Akawun da can yana iya zalunci, amma yana iya jinƙai. Ana iya haɗa shi da Allah, ana iya turo masa wanda yake jin nauyi. Sistem ba shi da suruki, ba shi da liman. Sannan ga wannan ɗan ƙaramin lamiri da Hausa ke ɓoye mai aiki da shi: an. An turo. An ce a gyara. An rufe shafin wata. An cire maka rabin yini. Wa ya turo, wa ya ce, wa ya cire? Wataƙila wani ne a hedikwata a Legas, wataƙila a Beirut ko Mumbai ko Guangzhou, wataƙila ma ba kowa ba ne, ƙa'ida ce da wani ya saka a manhaja shekarun baya ya tafi. Da can "an" ladabi ne, hanyar kauce wa kama sunan babba. A ofishin yau ya zama tsantsar gaskiya, domin babu sunan da za a kama. Hausawa sun ce zuwa da kai ya fi aike. To ina ga wanda aka aika, bai kuma san wanda ya aike shi ba?

Lebura yana da wani gata da malamin ofis ya rasa. Jiniya na busawa, zai wanke hannu, ya hau kekensa ko ya shiga A Daidaita Sahu, inji kuma ba ya bin sa gida. Tun da wayar salula ta shigo Nijeriya a 2001, musamman da WhatsApp ya zama zauren kowane kamfani, ofis ya koyi hanyar gidan ma'aikacinsa. Yana shiga aljihu ya bi shi majalisa, ya bi shi ɗaurin aure, ya yi ta motsi a ƙirjinsa yana cikin sahu. Ƙarfe goma na dare manaja ya turo tambaya, alamar nan mai shuɗi ta nuna an karanta, shiru ya zama laifi. Faransa sai da ta kafa doka, wadda ta fara aiki a 2017, a kan haƙƙin ma'aikaci na kashe waya bayan tashi. A nan kuwa, inda masu takarda suka fi guraben aiki yawa, wa zai kashe? Uwargidan wani abokina ta taɓa ce masa, "Malam, jikinka ne kawai ke dawowa gida." Ka ga bare ya tashi daga ofis ya shigo tsakar gida.

A watan Yunin 2020, lokacin kullen korona, 'yan sanda sun buɗe wani kamfanin casar shinkafa a Challawa suka fito da ma'aikata sama da 100 da aka hana fita wata da watanni. Duniya ta ji, aka yi Allah wadai, kuma ya cancanta. Ba zan haɗa wahalarsu da ta mai zama a ƙarƙashin fanka ba, wannan rashin kunya ne. Abin da kawai na lura shi ne, kullen da aka yi da kwaɗo ana iya kiran hukuma ta fasa shi, domin ana ganinsa. Wanda aka yi da waya, mutum da kuɗinsa yake sayen data ya ɗaure kansa.

Wani abin mamaki a masana'antun Kano shi ne, ita wannan na'ura mai iko a kan kowa, baiwar wuta ce. Daga NEPA ta 1972 zuwa KEDCO ta 2013, sunaye sun canja, kukan janareto bai canja ba. Tun daga tsarin tsuke bakin aljihu na 1986, masana'antu da dama a Bompai da Sharaɗa suka yi shiru, wasu suka koma sito na kayan da aka ƙera a wata ƙasa. A Afrilun 2024 aka kai kuɗin wutar rukunin farko naira 225 kowane ma'auni, a Oktoban shekarar kuma Arewa ta yi kwanaki a cikin duhu. A irin waɗannan ranaku na ga abin da ban manta ba. Wuta ta ɗauke, dizal ya ƙare, sabis ya tafi, alluna suka yi baƙi. Mutanen ofis suka fito gindin darbejiya wajen mai shayi. Akanta ya zauna benci ɗaya da makanike, suka gano ashe garinsu ɗaya. Da mota ta zo ɗaukar kaya, sai aka aika a kira tsohon malamin sito, ya tsaya a bakin ƙofa ya lissafa abin da ke ciki da ka, aka rubuta a takarda, ya sa hannu. A ranar, tafiyarsa ma ta canja. Ba ina yabon duhu ba ne, domin duhun nan shi ke rufe kamfani ya mayar da magidanta gida. Amma ya nuna min cewa ƙwayar ba ta ƙare a cikin ɓawon ba. Tambaya ce aka daina yi masa.

Adalci ne kuma a faɗi alherin na'ura. Wanda ya taɓa lissafa albashin mutum ɗari biyar da biro, ya kwana uku yana neman kwabon da ya ɓace, ba zai yi kewar wancan zamani ba. Manoman gyaɗa ba su manta da malamin sikelin da ke danne awo ba. Dangwalen da ya ɓata wa dattijo rai, shi ne ya kori ma'aikatan bogi, kuma albashin da ke faɗawa asusun banki ya raba lebura da helumanin da ke yankar rabonsa. Sanin da ke ƙirjin mutum ɗaya yana iya zama sandar zalunci, yana kuma iya bin sa kabari. Laifin ba na ƙarfe ba ne. Wuƙar da mahauci ke fiɗa da ita, ita ɓarawo ke tsare hanya da ita.

Na san wani saurayi injiniya a Bompai, mai kula da injunan narka roba. Shi ma allo yake kallo yini guda. Amma ran da wani inji ya ƙi, ya zauna da wayarsa ya bi bayanan masu ƙera shi, ya kalli yadda wasu suka gyara irinsa a wata nahiya, ya kira tsohon makanike suka kwance shi tare, ya tashi. Mai kamfani ya ba shi dama ya canja yadda ake saita zafin, ya canja, asara ta ragu. Idan yana ba da labari cewa yake "injina". Ɗan kawuna kuwa "kamfaninsu" yake cewa, "fatunsu", "rahotonsu". Ban san wani ma'auni da ya fi wannan ɗan ɗafi na ƙarshen kalma ba. Ba hannun jari ke sa mutum ya ce "nawa" ba, domin saurayin nan ko ƙusa bai mallaka a kamfanin ba. Abu uku ne: yana ganin farkon aiki da ƙarshensa, ana tambayarsa, kuma idan ya ce a'a tana tsayawa. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Ran da aka daina tambayarsa ina ne ke yoyo, ya zama ɗan haya, ko da sunansa ne a jikin ƙofa.

Yanzu ga wata sabuwa ta tunkaro, wadda ke rubuta wasiƙa ta haɗa rahoto cikin ƙiftawar ido. Mun riga mun raɗa mata suna: ƙirƙirarriyar basira. Dubi irin kyautar da muke yi. Basira gani ne na zuci. Fasaha asalinta iya magana ce, baiwar mawaƙa da malamai. Manhaja tafarkin karatu ce. Ƙwaƙwalwa, allo, basira, fasaha, manhaja, duk kalmomin gidan malam ne, mun kwashe mun kai wa na'ura gara. Mutumin kuma muka bar masa "mai shigar da bayanai". Harshe ba ya ƙarya a kan abin da masu shi suka yarda da shi. Idan muna so 'ya'yanmu da ke fitowa daga jami'o'i su zama masu sana'a a Sharaɗa da Challawa, ba 'yan aiken allo ba, sai masu kamfani da ƙungiyarsu ta MAN da 'yan ƙwadago sun fara tambayar da ba a saba yi ba idan za a sayo sabuwar manhaja: bayan kuɗin da za ta rage, wane sani za ta bar wa wanda zai zauna a gabanta, kuma a ina zai iya ce mata a'a?

Dattijon akanta ya yi ritaya. Ya ce min ranar da ya yi sallama, wani yaro daga ofishin ma'aikata ya danna maɓalli biyu ya ce, "Baba, an goge yatsanka." Shekara talatin da wani abu, dannawa biyu. Kwanakin baya na same shi a wani ɗan shago a Kantin Kwari, inda ƙanensa ke sayar da atamfa. Yana zaune a kan dardumar salla, tabarau a karan hanci, ga kwamfuta a cinyarsa, irin dai wadda ya bari a Sharaɗa, da irin manhajar. Shi ya tsara guraben da kansa. Ya nuna min wani layi da ya ƙara, wanda babu shi a littafin koyon akanta: sunayen waɗanda ake bi bashi amma ba za a matsa musu ba, saboda gobara ko rashin lafiya. Ya ce, "Wannan lissafina ne."

Da yamma ya buga shafin ranar a takarda. Babu mai binciken da zai zo, babu hedikwatar da ke jira. Duk da haka ya laluba aljihun gaba, ya zaro biro, ya gyara zama, ya sa hannu a ƙasa, a hankali, harafi bayan harafi.